Likita Mila da Ikilisiyar da Ba Ta da Kujera a Majalisa

Har yanzu akwai dattawa a cikin ikilisiyoyinmu waɗanda ba su jin daɗin karatun Littafi Mai Tsarki sai a tsohuwar fassara, wadda suka haddace ayoyinta tun suna ajin baftisma. Wannan fassara ta fara fitowa a 1932, kuma wanda ya fi kowa ɗaukar nauyinta wani likita ne Bature, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Yawancinmu iyakar abin da muka sani game da shi ke nan. Mun ga ya dace mu ba da labarinsa saboda wani dalili dabam. A cikin rayuwarsa ne muke ganin abin da ke samun ƙaramar ikilisiya idan tana da mai ƙaunarta ƙwarai, mai tsaya mata, amma ba ta da kujera a wurin da ake yanke shawara a kanta. Mu da muke hidima a wajen Ɗanzomo da Gumel da Maigatari, inda masu bi ba su da yawa, hedkwata kuma ke da nisa, labarin nan kamar namu ne.

An haifi Miller a 1872 a yankin Devon na ƙasar Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya miƙa kansa ga CMS, ƙungiyar mishan ta Ikilisiyar Angalikan. Kafin mu bi sawunsa, bari mu dubi irin gidan da ya shiga. Babban sakataren CMS na dā, Henry Venn, ya koyar cewa ikilisiyar da aka dasa a wata ƙasa dole ta kai ga riƙe kanta, da mulkin kanta, da yaɗa bishara da kanta, mishan kuwa ya janye hannu. A kan wannan koyarwa aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864. Amma Venn ya rasu a 1873, Miller yana jariri, kuma kafin ya girma iska ta juya. A 1890 waɗansu matasan 'yan mishan, cikinsu har da waɗanda suka sauka Lakwaja da nufin shiga ƙasar Hausa, sun zauna taron kwamiti a Onisha, suka rinjayi tsohon bishop a gaban idonsa, aka dakatar da ma'aikatansa 'yan ƙasa, har da ɗansa Dandeson. Crowther ya rasu a ranar ƙarshe ta 1891, aka ba Bature kujerarsa. To, CMS ɗin da Miller ya shiga ke nan: shawara tana hannun kwamitin Landan da Turawan da ke fagen aiki.

An tura shi Turabulus ya koyi Hausa, gama a lokacin akwai fatake da maniyyata Hausawa da ke zaune can. Ya koyi harshen daga bakin masu shi, ba daga littafi kaɗai ba, abin da ya sa daga baya ya zama ɗaya daga cikin Turawan da suka fi jin Hausa a zamaninsa. A can ya haɗu da wani yaro Audu da ke kan hanyar Makka, wanda daga baya ya dawo wurinsa ya zama kamar ɗa.

A farkon 1900 Miller ya taso daga Legas cikin ayarin Bishop Herbert Tugwell, su biyar, suka nufi Kano. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci, amma Sarkin Kano Alu ya ba su 'yan kwanaki kaɗan su bar masa gari. Suka koma Girku, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Tafiyar ta ɓata wa Gwamna Lugga rai, domin a shekarar ce ya fara kafa mulkin Turawa a Arewa, ba ya son abin da zai tayar masa da sarakuna. Daga nan aka shiga doguwar jayayya tsakanin gwamnati da 'yan mishan a kan ko za a bar su su zauna cikin biranen Musulmi. Miller ya sami abin da kusan babu wanda ya samu: a 1905 ya zauna a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta.

Fiye da shekara ashirin yana nan cikin ganuwa. Masu bi 'yan kaɗan ne, yawancinsu yaran da suka tashi a gidansa. Shi ne malaminsu, shi ne likitansu, shi ne ke raba masu gardama, shi ne ke shige masu gaba a kowace hidima. Idan wani abu ya taso tsakaninsu da fada, shi ke tafiya. Idan da Razdan ne, shi ke rubuta takarda. Idan da Landan ne, shi ke aika wasiƙa. Bai tsaya ga masu bi kaɗai ba, talakawa ma sukan kawo masa kukansu, ya kai wa gwamnati, abin da ya ɓata tsakaninsa da Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya kuma sa jami'an Turawa da yawa suka ɗauke shi ƙaya a ƙafa. Mutum ne mai ƙarfin hali, mai kaifin harshe, wanda idan ya ga abu daidai ne ba a iya juya shi. Ya tsara shirin makarantar 'ya'yan sarakuna da malamai da rubutun boko, amma bayan tafiyar Lugga a 1906 gwamnati ta ajiye shirinsa, ta ba Ɗan Hausa aikin, shi kuwa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909.

Mu lura da wani abu a nan, domin shi ne zuciyar maganar. Ƙaramar ikilisiyar Zariya ba ta rasa mai yi mata magana ba. Tana da bakin da ya fi na kowa ƙarfi a Arewa duka. Abin da ba ta da shi shi ne bakin kanta. Duk abin da ke damunta sai ya bi ta kan mutum ɗaya kafin ya isa ko'ina, kuma mutumin nan ba ita ta zaɓe shi ba, ba ta kuma da ikon kiransa ya ba da bayani. Uba ne, uba na ƙwarai ma. Amma uba dabam, wakili dabam.

A 1913 wani abu ya faru da ya faranta masa rai fiye da komai. Waɗansu mutane suka zo da ƙafarsu suna neman ƙarin sani game da Isa Almasihu. Su ne Isawa, mabiyan wani malamin Kano, Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa cikin abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, har aka kashe shi a Kano a kan koyarwarsa, almajiransa suka warwatsu zuwa wajen Ningi da ƙasar Zazzau. Shekara kusan arba'in da wani abu mutanen nan suna riƙe da abin da suka gaskata, da shugabanninsu, da hanyarsu ta taruwa, ba ɗan mishan ko ɗaya a cikinsu. Aka kafa masu ƙauye a Gimi, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Aikin ya fara da kyau. Sai ƙudan tsando ya kawo ciwon barci, cikin 'yan shekaru ya cinye mutane da yawa, ƙauyen ya watse, aka kwashe yaran da suka rage zuwa makarantar Zariya. Daga zuriyar waɗannan yara ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na fari da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Babbar jarrabawa ta zo a shekarun 1920. Gwamnati ta daɗe tana son mishan ya fita daga cikin birni. A tsakiyar shekarun nan waɗansu sababbin 'yan mishan suka iso, matasa masu ilimi, cikinsu har da Guy Bullen, suka ga cewa wurin cikin gari ya yi ƙunci, ba filin gina asibiti da babbar makaranta, kuma rigima da hukuma tana cin lokacin aikin. Miller bai yarda ba sam. A ganinsa, fita daga birni barin wurin shaida ne wanda ba za a sake samu ba, gama bishara za ta koma abin bayan ganuwa, abin baƙi. Ya yi ta rubutu, ya yi ta gardama. A ƙarshe aka daidaita tsakanin gwamnati, da fadar Sarkin Zazzau Ibrahim, da CMS, aka ba mishan fili a gindin dutsen Wusasa, aka tashi a 1929.

Ba mu ce shawarar ba ta da kyau ba. Wusasa ta zama albarka. A can aka gina majami'ar St Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa, wadda take tsaye har yau, da asibiti, da makarantar da ta yaye manyan mutane. A can Yakubu Gowon ya girma. Mai yiwuwa da an tara masu bi an tambaye su, da yawa sun zaɓi tashin. Abin da Miller ya ji tsoro shi ma ya tabbata ta wani gefe, domin tun daga lokacin Kirista Bahaushe ya zama mutumin bayan gari a idon maƙwabtansa. Kowane gefe yana da hujja. Abin da muke so mu duba shi ne waɗanda suka zauna a kan tabarmar shawarar. Gwamnati ta zauna, fada ta zauna, mishan ya zauna. Waɗanda za su kwashe kayansu, su bar maƙwabta da dangi da kasuwa, waɗanda 'ya'yansu da jikokinsu za su ci gādon abin da aka yanke, ba su da wata majalisa mai ikon cewa mun yarda ko ba mu yarda ba. A tsarin ikilisiya, Arewa duka a lokacin tana ƙarƙashin dayosis na Legas, wajen kilomita dubu a jirgin ƙasa. Gardamar ta zama tsakanin Bature da Turawa, ranar da aka kayar da mutum ɗayan nan kuwa, babu sauran mai magana.

Wannan ne haɗarin dogara ga uba. Muddin yana da ƙarfi, 'ya'ya ba su jin rashin komai, har su manta cewa ba su taɓa koyon tsayawa a gaban taro ba. Mu ma mun san irin wannan. Akwai ikilisiyoyin ƙauye da suka saki jiki domin suna da wani ɗansu babba a hedkwata, ko wani fasto mai faɗa a ji da ke tuna da su, sai ranar da aka yi masa canjin wuri ko ya yi ritaya, su tarar ko sunansu ba a sani ba a ofis.

Miller bai zauna Wusasa ba. Ya koma Kano ya duƙufa kan fassara, tare da taimakon malamai Hausawa da 'yan mishan na waɗansu ƙungiyoyi, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. Abin mamaki, a nan ne ya ba ikilisiya abin da bai iya ba ta a zauren shawara ba. Manomi a ƙauye yana iya buɗe Ayyukan Manzanni da kansa ya ga yadda ikilisiyar fari ta yanke shawara, ba sai wani ya faɗa masa ba. A 1935 ya ajiye aiki da CMS. Ya tafi Ingila, amma zama bai yi masa ba, ya dawo Nijeriya ya zauna a Bukuru kusa da Jos. A shekarunsa na ƙarshe ya yi rubuce-rubuce yana sukar yadda Turawa ke mulki ta hannun sarakuna ba tare da talaka yana da ta cewa ba. Littafinsa na 1947 takensa ma tambaya ce, ko Turawa sun gaza a Nijeriya. Mutumin da ya ga wannan aibi sarai a mulkin ƙasa, shi ne ya riƙe ƙaramar ikilisiya shekara da shekaru a tafin hannunsa. Ba don mu rage masa daraja muka faɗi haka ba. Laifin tudu ne, kowane fasto a cikinmu yana iya taka nasa ya hango na wani.

Duk da haka yaran da ya koyar sun koyi zaman majalisa. Dokta Barau Dikko, likita na fari ɗan Arewa, wanda asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa, ya fito daga wannan makaranta, kuma shi aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a taronta na Kaduna a 1949. Ɗan ƙaramar ikilisiyar da ba ta da sinod nata a Arewa ya zauna kan kujerar shugabancin taron 'yan bokon Arewa duka.

Miller ya rasu a Bukuru a 1952. Shekara biyu bayan haka abin da bai gani ba ya soma faruwa, kusan a lokaci guda a ɗariku dabam dabam. A 1954 aka kafa dayosis na Arewacin Nijeriya da mazauni a Kaduna, John Mort ya zama bishop na fari. A shekarar ce kuma ikilisiyoyin da SIM ta dasa suka taru a Kagoro suka kafa ECWA. A 1955 waɗanda suka fito daga SUM da abokan aikinta suka kafa tarayyar da yanzu muke kira TEKAN. Kowace ɗarika ta shimfiɗa matakala daga ikilisiyar gida zuwa babbar majalisa. A Angalikan, ikilisiya tana zaɓen wakilanta na masu bi su zauna a sinod tare da limamai da bishop. A ECWA magana tana tashi daga ikilisiyar gida ta bi LCC da DCC ta kai GCC. Sunaye sun bambanta, nufin ɗaya ne: kada a sake yanke wa jama'a shawara ba su nan.

Sai dai kusantar da majalisa bai isa ya ba kowa murya ba. Yawancin Angalikan na Arewa a lokacin mutanen Sabon Gari ne da suka zo daga kudu aikin jirgin ƙasa da ciniki, su ne masu yawa, su ne masu kuɗi, su ne masu Turanci. Kiristocin Hausa na ƙauye sun sami kujera, amma a can baya. An raba dayosis ɗin zuwa Kano da Kaduna da Jos a 1980. Jigawa ta sami nata a Dutse a 1996. Wusasa kanta ba ta zama dayosis ba sai 1997, da Bishop Ali Buba Lamido, shekara 68 bayan an fitar da kakanninsu daga birni.

Mu yanzu muna da kujerar da mutanen Durumin Maigarke ba su samu ba, an rubuta ta cikin tsarin mulkin ɗarikunmu. Tambayar ita ce me muke yi da ita. Mun sha ganin yadda ake zaɓen wakili a ƙananan ikilisiyoyinmu na Sule Tankarkar da Gagarawa: bayan sujada, mutane sun riga sun miƙe, sai a ce wa ke da kuɗin mota, wanda ya ɗaga hannu shi ne wakili. Ba a zauna an tambayi zumuntar mata abin da ke damunta ba, ba a ji ta bakin matasa ba, ba a rubuta ko layi ɗaya da zai kai ba. Wata shekara mun raka wani dattijo, manomi mai hankali ƙwarai, zuwa babban taro. Kwana biyu ana magana da Turanci, ana tada hannu ana saukewa, bai ce uffan ba. Abin da ya dawo da shi gida takarda ce ɗaya mai nuna kuɗin da aka yanka wa ikilisiyarsa. A hanya ya gaya mana cewa abin da ya so faɗa shi ne a daina sa taro a tsakiyar damina, lokacin da barin gona kwana uku asara ce, a kuma duba cewa kuɗin manomi ba ya zuwa wata wata, sai kaka. Magana ce da za ta amfani ikilisiyoyi da yawa, amma ta mutu a cikin mota. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Laifin ba na masu shirya taron kaɗai ba ne, da namu a ciki, gama muna zaune kusa da shi, ba mu tashi mun roƙi a ba shi dama da Hausa ba. Mun yi niyyar mu faɗa a madadinsa daga baya, wato mu yi masa irin abin da Likita Mila ya yi wa mutanensa.

A Ayyukan Manzanni sura 15, sa'ad da gardamar kaciya ta tashi, ikilisiyar Antakiya ba ta jira Urushalima ta aiko da hukunci ba. Ta naɗa Bulus da Barnaba, ta haɗa su da waɗansu daga cikinta, ta raka su hanya. A can aka saurare su suka ba da labarin abin da Allah ya yi a wurinsu kafin a yanke magana. Da aka gama, ba a miƙa masu takarda kawai ba, an zaɓi mutum biyu, Yahuza da Sila, su bi su su yi bayani da baki. Da suka isa Antakiya aka tara jama'a duka aka karanta. Jama'a ce ta aika, aka saurari 'yan aikenta, aka kuma dawo mata da bayani. A wurinmu na ƙarshen nan ne ya fi faɗuwa. Wakili yakan dawo ya shige gida, sai bayan watanni a ji sabuwar doka daga bagade, mutane su yi ta gunaguni a kan hedkwata, alhali ɗansu yana zaune aka zartar.

A nan wajenmu mun yi shawara da dattawa cewa daga bana za mu zaɓi wakilai mako uku kafin taro, ba ranar Lahadin ƙarshe ba. Ikilisiya ce za ta biya kuɗin mota daga baiko, domin kada rashin kuɗi ya hana wanda ya cancanta. Za a zauna da mata da matasa a rubuta abin da za a kai, da Hausa, mu kuma aika wa sakataren taro tun da wuri cewa muna roƙon a sa tafinta. Lahadin da ta biyo bayan dawowarsu, za a rage wa'azi a ba su lokaci su ba da rahoto, jama'a su yi tambaya. Dattijon nan namu ya ce in Ubangiji ya kai mu zai sake tafiya, kuma maganar damina ce ta fari a takardarsa.